Darasi na 11: Idan Aka Sace Bayananmu, Me Za Mu Yi?

Lokaci: minti 60 zuwa 90, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: akwatin ƙungiya da makullansa 3, littafin rajista, waya 1, kwalin da ake sayo layin waya a cikinsa, da ƙaiƙayi cikin faifai.

Manufar darasi. A ƙarshen zaman nan, kowace mamba za ta iya:

1. faɗin abin da ake nufi da bayanan mutum da yadda ake sace su;
2. gane kiran ɗan damfara ko da ya ambaci sunanta da na 'ya'yanta;
3. sanin abin da za ta yi a ranar da ta ji an sace bayananta;
4. ba da shawara kan yadda ƙungiya za ta tsare rajistarta.

Buɗe darasi

Jagora, ki ɗebi ƙaiƙayi a hannu ki hura shi a tsakar gida. Ki roƙi mata biyu su tsinto miki shi duka su mayar cikin faifai. Za a yi dariya, don ba mai iyawa. Sai ki ce: haka bayanan mutum suke. Sunanki, lambar wayarki, ranar haihuwarki, hotonki, lambar NIN da ta BVN, idan suka fita hannun wanda kika ba amana, ba sa dawowa. Magana zarar bunu ce. To tunda ba za a iya tsinto su ba, yau za mu koyi yadda za mu hana su zame mana asara.

Sashe na 1: Abin da ya sami wani kulob a Italiya

A watan Nuwamba na 2024, kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Bologna da ke ƙasar Italiya ya fito ya sanar cewa an yi masa kutse. Ba ƙaramin kulob ba ne. An kafa shi tun 1909, kuma a kakar 2024/25 ya buga gasar Zakarun Turai. Wasu gungun ɓarayin intanet da ke kiran kansu RansomHub suka ce su ne suka yi aikin. Suka ce sun kwashi takardun kwantiragi, bayanan kuɗi, bayanan 'yan wasa har da na lafiyarsu, da na ma'aikata da magoya baya. Suka nemi kuɗin fansa, daga baya suka baza bayanan a intanet. Shi kuma kulob ɗin ya yi gargaɗi cewa riƙe waɗannan bayanai ko yaɗa su babban laifi ne.

Mene ne kutse? Ɓarawo ne da ba ya fasa ƙofa, ba ya haura katanga. Yana zaune a wata ƙasa, ta intanet yake shiga kwamfutar mutane ya kwafi abin da ke ciki. Ku lura da kalmar nan, kwafi. In an sace miki akuya, da safe za ki ga turke babu komai. In an sace bayanai kuwa, komai yana nan inda aka bar shi, sai dai yanzu wani ma yana da irinsa. Kuma akuya sau ɗaya ake sayar da ita, amma jerin sunaye da lambobin waya ana iya sayar wa mutum goma, kowa ya gwada sa'arsa.

Ba Bologna kaɗai abin ya taɓa samu ba. A 2023 an yi wa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Holan kutse, har ta fito ta ce ta biya ɓarayin kuɗi don kada su baza abin da suka ɗauka. A Amurka, an yi wa kulob ɗin San Francisco 49ers kutse a watan Fabrairu na 2022. Mutum fiye da 20,000 abin ya shafa, an ɗauki sunayensu da lambar shaidarsu ta ƙasa, wadda take kamar NIN a wurinmu. Sai bayan wajen wata 6 aka aika musu da takardar sanarwa. Kun ga ke nan mutum na iya yin watanni bayanansa na hannun ɓarawo bai sani ba.

Sashe na 2: Ina ruwanmu da kulob ɗin Turawa?

Wata za ta ce, mu da ko kallon ƙwallo ba ma yi, me ya haɗa mu da wannan? Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Hanya biyu ce ta haɗa mu.

Ta farko, 'ya'yanmu. Yaro ya shiga kulob na unguwa ko makarantar koyon ƙwallo, ko za a yi gasar kofi a ƙaramar hukuma. A ba shi fom ya cike: suna, ranar haihuwa, hoto, kofin takardar NIN, da lambar wayar uwa ko uba. Sau da yawa lambar uwa ake sawa, don ita ce kullum a gida. Fom ɗin nan zai zauna a jakar koci ko cikin wayarsa, ko a shagon da aka buga takarda. In wayar ta ɓace ko aka yi mata kutse, lambarki da sunan ɗanki sun tafi tare.

Ta biyu, mu kanmu. Jagora, ki ɗaga littafin rajista kowa ta gani. Ki tambaya: me ke cikin littafin nan? Sunan kowa, lambar wayarta, nawa take zubawa, wa ya ci bashi, yaushe za a yi rabo. In ƙungiya ta buɗe asusu a banki, wataƙila har da kofin katin shaidar shugabanni. Abin da ɓarayi suka nema a Bologna, irinsa ne muke da shi a nan. Su da suke da kuɗi da ƙwararrun ma'aikata an shige su, balle mu da hoton rajistarmu ke yawo a wayar da yara ke wasa da ita.

Sashe na 3: Me ɓarawo yake yi da bayanan?

Jagora, ki ajiye akwati a tsakiya. Ki tambaya: in wani ya san launin akwatin nan, ya san gidan da yake kwana, har ya san nawa ne a ciki, zai iya buɗewa? Amsa ita ce a'a, sai ya sami makullai 3.

Haka asusun banki yake. Sunanki da lambar wayarki da BVN su kaɗai ba sa fitar da kuɗi. Makullan asusunki su ne:

- lambar sirri, wato PIN, da kike dannawa wajen cire kuɗi ko tura su;
- lambar da banki ke turo miki ta saƙo don amfani sau ɗaya, wadda ake kira OTP;
- layin wayarki da katin ATM ɗinki, tare da lambobin da ke rubuce a jikin katin gaba da baya.

Ɓarawon da ya sayi bayananki ba shi da waɗannan. Shi ya sa zai kira ki. Bayanan da ya sata, da su zai saye zuciyarki har ki miƙa masa makulli da hannunki. Zai kira cikakken sunanki, ya faɗi ranar haihuwarki, ya ambaci ɗanki da kulob ɗin da yake buga wa. Sai ki ce a ranki, ai wannan ya san ni. To ki riƙe wannan da kyau, shi ne zuciyar darasin yau: sanin sunanki ba shaida ba ce cewa mai kira na gaskiya ne.

Ga hanyoyin da suka fi bi:

Kiran banki na ƙarya. Zai ce za a rufe asusunki yau in ba a gyara BVN ba, ki karanto lambar da ta shigo wayarki. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar PIN ko OTP, ko a waya ko ido da ido.

Tallafin ƙarya. Zai ce sunan ƙungiyarku ya fito a tallafi, ku turo kuɗin fom ko lambar katin ma'aji. Duk tallafin da sai kin biya kafin a ba ki, ki ja baya.

Dillalin 'yan wasa na ƙarya. Zai ce an ga ɗanki yana wasa, wani kulob a Turai na son gwada shi, a turo kuɗin biza da fasfo. Ku sani, dokar FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta hana kai yaron da bai kai shekara 18 ba wani kulob na ƙasar waje, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 Turai cikin sati biyu, ki tambayi kanki kuɗin wa yake hange.

Ƙwace WhatsApp. Zai ce za a yi taron ƙungiya ta waya, ki karanto lamba 6 da aka turo miki. Da kin faɗa, WhatsApp ɗinki ya koma hannunsa, ya shiga roƙon 'yan'uwanki kuɗi da sunanki.

Sace layi. Ko dai a sace wayar gaba ɗaya, ko a yi amfani da bayananki a karɓi sabon sim na lambarki, abin da ake ce wa walkam bak. Daga nan duk saƙon banki wurinsa zai riƙa zuwa. Wanda ke riƙe da layinki, in ya danna *565*0# zai ga BVN ɗinki, in ya danna *346# zai iya ganin NIN. Shi ya sa layin da kika buɗe asusu da shi ya fi wayar kanta daraja.

Sashe na 4: Ranar da kika ji labari

A ce kocin ɗanki ya aiko cewa an sace wayarsa, ko sakatariya ta ce rajista ta ɓata, ko kamfani ya turo saƙon an yi masa kutse. Kada hankalinki ya tashi. Ki bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

1. Ki tambaya me da me aka ɗauka. Suna da lambar waya kawai? Ko har da NIN, hoto da lambar asusu? Gwargwadon abin da ya fita, gwargwadon shirin da za ki yi.

2. Ki canza PIN a ranar. Kada ki sa shekarar haihuwarki ko ta ɗanki, don su ne ke rubuce a takardar da aka sace. Kada ki sa 1234 ko 0000, ko ƙarshen lambar wayarki. In da lamba ɗaya kike amfani a wurare da yawa, ki raba su.

3. Ki sa wa sim ɗinki lambar kullewa. Ana yi a cikin saitin waya. In an cire shi an sa a wata waya, ba zai yi aiki ba sai da lambar. In an danna kuskure sau 3 zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin kwalin layi. Jagora, ki nuna musu inda take. Kowa ta adana kwalin layinta kamar yadda take adana takardar gona.

4. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, in kina amfani da shi. Wata lambar sirri ce da ke kaɗai kika sani.

5. Ki sanar da mutanen gida. Miji, kishiya, 'ya'ya, duk wanda ke ɗaukar wayarki. A gaya musu za a iya kira da sunan banki ko na kulob, kada kowa ya karanta wa baƙo wata lamba.

6. Ki sa ido a kan saƙon banki. In ba kya karatu, ki zaɓi mutum ɗaya da kika yarda da shi ya riƙa karanta miki a gabanki. Karanta saƙo daban, sanin PIN daban.

7. In sabis ya ɗauke a wayarki alhali maƙwabta masu irin layinki suna da shi, kada ki jira kwana biyu. Ki je ofishin kamfanin layin da katin shaidarki, ki kuma sa a rufe asusunki na ɗan lokaci. Yawancin bankuna na da lambar da ake dannawa a rufe asusu ko da a wayar wani ce. Ki tambayi bankinki tasu tun yanzu, a rubuta miki ita.

8. In kuɗi sun riga sun fita, ki kira banki nan take ta lambar da ke bayan katinki, ko ki je da ƙafarki. Da wuri ake da damar tsayar da kuɗi kafin a kwashe su. Ki karɓi lambar shaidar ƙorafi, ki kai rahoto wurin 'yan sanda, kada ki goge saƙonnin. In banki bai warware ba, ana kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. In matsalar ta kamfanin waya ce, hukumar sadarwa ta NCC na da lambar ƙorafi 622, kyauta ake kira.

Abu na ƙarshe a nan, ba a gama tsaro a sati ɗaya. Kiran na iya zuwa bayan shekara, lokacin da kowa ya manta.

Sashe na 5: Wasan kwaikwayo

Mata biyu su fito. Ɗaya ta zama mai kira, ɗaya ta zama ma'aji.

*Mai kira:* Salamu alaikum, Hajiya. Daga banki nake kira. Ke ce ma'ajin ƙungiyar mata, ko? Wadda za ku yi rabo ƙarshen wata?

*Ma'aji:* Wa alaikumus salam. Ina jin ka.

*Mai kira:* Hajiya, akwai matsala a asusunku. In ba a gyara kafin ƙarfe 4 ba, kuɗin mata duk za su maƙale. Yanzu lamba za ta shigo wayarki, ki karanto min in gyara miki.

*Ma'aji:* To, Malam, na gode. Gobe zan shigo bankin da kaina.

*Mai kira:* Haba Mama, taimakonki fa nake yi! Ga ranar haihuwarki ma a gabana. In kuɗin mutane suka salwanta, me za ki gaya musu?

*Ma'aji:* In sun maƙale a banki, ai suna nan. Ba na karanta lamba a waya. Sai an jima.

Sai ta kashe waya.

Jagora, ki tambayi mata: da me mai kiran ya so ya rinjaye ta? Ki bari su gano da kansu. Abu 3 ne: ya nuna ya san ta, ya tsorata ta, ya hana ta lokacin tunani. Wani lokaci a maimakon tsoro kwaɗayi zai sa mata. Ku lura kuma ma'aji ba ta yi musu da shi ba, ba ta gyara masa ko kalma ɗaya ba. In ya faɗi ranar haihuwarki ba daidai ba kika gyara masa, kin ƙara masa abin da ba shi da shi. A sake wasan sau biyu, ɗaya da dillalin 'yan wasa, ɗaya da mai tallafi.

Sashe na 6: Gyara gidanmu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga ƙa'idojin da ƙungiya za ta tattauna, in an amince a sa su cikin dokokinta:

- Rajista tana kwana cikin akwati mai makulli 3. Ba a ɗaukar hotonta, ba a tura ta a WhatsApp.
- Abin da ba ma bukata, ba ma rubuta shi. Don zubi da bashi, suna da lambar mamba sun isa. Abin da ba a rubuta ba, ba a sace shi.
- Baƙon da ya zo neman jerin sunaye da NIN ko BVN, ko da ya ce daga gwamnati yake, shugaba ba ta ba shi ita kaɗai. A kawo maganar gaban taro, a tabbatar da inda ya fito, kuma kowace mamba ita ke da ikon cewa e ko a'a a kan nata.
- In an je yin kofin katin shaida, a karɓo har waɗanda suka lalace. A rubuta a jikin kofin dalilin da aka yi shi da kwanan wata. Tsofaffin takardu a ƙone su, kada su koma wajen mai ƙosai ana naɗe kaya da su.
- In ƙungiya na da asusu a waya, kada mutum ɗaya ta riƙe waya da PIN duka, kamar yadda mai ajiye akwati ba ta riƙe makulli. In an canza shugabanni, a canza PIN.
- A wurin mai POS, ke za ki danna PIN da hannunki, kina karewa da mayafi. In za ki bar waya wurin mai caji, ki cire sim ko ki kulle ta.
- Kafin yaro ya miƙa fom a kulob, a tambayi koci: wa zai riƙe takardun, a ina, kuma in an gama gasa me za a yi da su?
- Wadda aka damfara ba a yi mata dariya ko gori. Kunya ce ke sa mace ta yi shiru har ɓarawo ya bi sauran mambobi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta faɗa da wuri ta ceci ƙungiya.

Sashe na 7: Doka tana bayanki

A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, kuma akwai hukumar da ke kula da ita, ana kiran ta NDPC. Dokar ta ce duk wanda ya karɓi bayanan mutane dole ya tsare su, kuma kada ya karɓi fiye da abin da aikin ke bukata. In aka yi masa satar da za ta iya cutar da mutane, ya sanar da hukumar cikin awa 72, in kuma haɗarin babba ne ya sanar da masu bayanan ba tare da jinkiri ba. Kina da haƙƙin tambayar me aka rubuta a kanki, ki sa a gyara kuskure, ki nemi a goge in babu sauran dalilin riƙewa. A inda ake neman yarda, yaron da bai kai 18 ba sai da yardar iyayensa ko mai riƙonsa. Saboda haka tambayar "me za ku yi da lambata?" ba rashin kunya ba ce, haƙƙinki ne. Kuma mu tuna, a kan rajistarmu mu ne masu riƙe amanar.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wurare nawa kika ba da lambar wayarki ko kofin NIN a shekarar nan? Ƙirga su da yatsu.
2. Mutum nawa ne suka san PIN ɗinki yanzu haka?
3. In wayar sakatariya ta ɓace yau, me ɓarawo zai gani game da mu?
4. Mai kira ya ambaci sunan ɗanki da kulob ɗinsa, ya nemi kuɗin gwaji. Wa za ki fara tuntuɓa kafin ki yi komai?

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowace mamba ta yi abu 3: ta nemo kwalin layinta ta adana, ta canza PIN in shekarar haihuwa ce ko lamba mai sauƙin cinka, ta kuma koya wa mutum ɗaya a gidanta abin da ma'aji ta faɗa a wasan kwaikwayo. Sakatariya ta duba wayarta ta goge duk hoton rajista. Ma'aji kuma ta karɓo lambar rufe asusu daga banki, a rubuta ta a manna a cikin murfin akwati. A zama na gaba, kafin a fara zubi, jagora za ta tambayi kowa ko ta yi nata.